Rasuwar Malam Mai Kunne, da Saƙon da Muka Kasa Isarwa

Cikin alhini da mutuwar jiki, Ƙungiyar Ma'abota Rediyon Oba-Oba take sanar da mambobinta na nesa da na kusa, da sauran jama'a baki ɗaya, cewa ta samu labarin rasuwar dattijonta kuma Shugaban Kwamitinta na Kula da Na'urori, Alhaji Injiniya, wanda kowa ya fi sani da Malam Mai Kunne, a safiyar Talatar makon jiya bayan 'yar gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ne ya haɗa tasharmu da intanet shekaru goma sha ɗaya da suka wuce, a ɗan ɗakin da ke bayan shagonsa na gyaran rediyo, ta yadda muryar mai ƙaramar oba-oba a nan za ta kai ga abokai a ƙetaren teku. Shi kaɗai ya san daidaita ƙarfin sauti tsakanin rediyo da kwamfuta: ya sa kunne, ya ɗan murɗa maɓalli, ya tsura wa allurar ma'aunin sauti ido kada ta shiga ja. Babu wani mai muƙami a cikinmu, har da Mai Girma Shugaba, da bai sha faɗansa ba a kan cusa baki cikin makirufo, domin kullum maganarsa ɗaya ce: "Ja baya kamar faɗin tafin hannu, ba da ihu ake kai wa nesa ba." Mun yi ta yi masa dariya, muna cewa za mu zauna ya koya mana. Ba mu zauna ba, shi kuma bai rubuta komai ba.

Ya zama wajibi ƙungiya ta bayyana wani abin da ya fi ƙarfinta. Marigayin yana da amini a ƙetare, wani tsohon matuƙin jirgin ruwa da idanunsa suka mutu, wanda suke gaisawa kowace Lahadi da hantsi tun ranar da aka buɗe tashar. Ba mu san sunansa ba, ba mu da lambar wayarsa, lambar kiransa ta rediyo kawai muka sani. Ranar Lahadin da ta gabata muka taru domin mu sanar da shi, sai kuka ya ci ƙarfin mai magana, muryarsa ta yi ƙasa, mu kuma muka murɗe maɓallan sautin na'urar, su uku, har ƙarshe don a ji shi da kyau. Muryar ta fashe. Mun yi kwana huɗu muna murɗawa gaba da baya, mun kira masu gyara biyu, har yau muna jin tsohon raɗau, shi kuwa ƙara kawai yake ji.

A madadin Mai Girma Shugaba, da Majalisar Amintattu, da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidan marigayin, Hajiya, wadda ta yi shekaru tana haƙuri da hayaniyarmu a shagon da ke jikin gidanta, da 'ya'yansa da jikokinsa da ƙannensa. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi, mu ma Ya ba mu.

Daga ƙarshe, muna roƙon duk wanda ya san tsohon matuƙin nan, ko yake da hanyar kai wa gare shi, da ya taimaka ya isar masa da wannan takarda, a karanta masa a hankali. Mu dai mun rasa yadda za mu yi. Tun ranar Lahadi yake kira kowane hantsi, kuma abu ɗaya yake maimaitawa: "Jama'a, ba na jin ku. Ku kira min Mai Kunne ya zo ya gyara."

Sa hannu:
Malam Dogon Eriya
Kakakin Ƙungiyar Ma'abota Rediyon Oba-Oba