Kada a Yanke, Kada a Juya

Likita ya ce ba za a sake yi mini aiki ba, ya sallamo ni gida. Na tambaye shi ko maganin da nake sha yana taɓa hankali, ya ce ba ya taɓawa. Don haka da cikakken hankalina nake wannan rubutu, da hannuna, ba kowa tsaye a kaina. Na fara da wannan ne domin na san akwai wanda zai so ya ce ciwo ne ke magana.

Zuwa ga 'ya'yana uku: Babba, da Shiru, da Auta.

Ga abin da ya faru, don kada a sake ba da shi a karkace. Ina kwance a asibiti Babba ya buɗe ɗakina, ya kwashe akwatunan fim ɗina, wato asalin duk hoton da na ɗauka tun ina saurayi, ya kai shagonsa na buga hotunan aure. Ya zuba su a kwamfuta, ya shirya da wani mai gidan baje koli za a nuna aikina ga jama'a. Bai tambaye ni ba. Ya ce so ya yi ya ba ni mamaki. Ya kuwa ba ni.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda addini ya tsara. Ba ni da abin ƙarawa, kuma ba shi ne ya hana ni barci ba.

Na biyu. A soke baje kolin nan, ko ina raye ko ba na raye.

Babba ya jera mini manyan hotunan a jikin bangon ɗakin nan, ya koma gefe yana murmushi yana jiran yabo. Na daɗe ina kallo kafin na gane abin da ke damun idona. Fim yana da fuska yana da baya, shi kuwa ta baya ya ɗora shi a na'ura. Duk wanda na taɓa ɗauka ya koma bahago. Dattawa suna gaisawa da hagu. Leburori suna cin abinci da hagu. Mahaifiyarku, Allah ya ji ƙanta, matar da ba ta taɓa miƙa wa yaro ko cokali da hagu ba, ga ta nan tana miƙa wa surukarta ruwa da hagu, an faɗaɗa ta ta kusa kai tsayin ƙofa. Da na nuna masa, cewa ya yi ai ba wanda zai lura, kuma danna abu ɗaya ne ya gyaru. Na yarda danna abu ɗaya ne. Abin da ba ya gyaruwa da dannawa shi ne mutum ya yi makonni yana kallon uwarsa a juye bai ji komai ba.

Wannan kuskure ne. Na gaba kuwa da gangan aka yi shi. Kun san hoton matar nan mai ɗinki, zaune a kan kekenta a tsakiyar rumfunan da aka rushe. A can gefen hoton akwai rabin wani mutum, takardu a hammatarsa, yana dariya. Shi ne wakilin waɗanda suka sa aka yi rusau ɗin. Editan jaridar da nake wa aiki a lokacin ya ce a yanke shi, wai yana raba hankalin mai kallo. Na ce idan aka yanke shi, hoton ya zama na wata mata da ƙaddara ta faɗa wa. Idan aka bar shi, ya zama na wata mata da aka zalunta. Ya ce jaridarsa ce. Na ce hotona ne. A ranar na ajiye musu katinsu na aiki, na zama mai zaman kansa: yau wannan mujalla, gobe waccan ƙungiya, jibi zaman jiran waya. Da wannan zaman jiran aka yi muku makaranta. Tun daga ranar nake barin baƙin gefen fim a jikin duk hoton da na wanke, don mai kallo ya ga ba a rage komai ba.

Babba ya yanke mutumin. Ba wanda ya ba shi umarni, ba wanda ya tsorata shi. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce: "Baba, ai ya fi kyau haka." Editan nan aƙalla tsoron wani yake ji.

Na uku. Akwatunan fim duka, da ikon bugawa ko hanawa, na ba Shiru. Kyauta ce ta yanzu, ba gado ba. Na tambayi masana, sun ce kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa da hannunsa ina da rai. Idan ban kai ba, akwatunan za su faɗa cikin gado, a raba su kamar kujeru, kaso mai tsoka kuma ya tafi shagon da ake goge wa amare kuraje. Na sa an dawo da su, suna ƙarƙashin gadon nan, makullin yana wuyana.

Kada a ce son kai ne. A cikinku ita kaɗai ta gaji sana'ata, ko da yake hoton ƙashi take ɗauka a asibiti. A aikinsu ana manna alamar hagu da dama kafin a ɗauka, domin idan aka juya hoto, ƙafa mai lafiya za a yanke. Ba kuma wanda ya taɓa ce mata ta share karaya don ƙashin ya fi kyau.

Shiru, sharuɗɗan biyu ne: kada a yanke, kada a juya. Bayanin da na rubuta a bayan kowane hoto a buga shi yadda yake, har inda na rubuta cewa ban san sunan mutum ba.

Na huɗu. Auta, tsohuwar kyamarar taka ce, mai lotsawa a gefe. Fim ɗinta ba ya ɗaukar hoto da yawa, don haka dole ka tsaya ka duba kafin ka danna. Na ga wayarka: fuskarka ce cike da ita, kuma ba ta sauya ba tun bara. Juya gilashin ya kalli wani.

Babba, na bar maka almakashin ɗakin wanke hoto. Ban taɓa sa shi a jikin hoto ba, yana nan da kaifinsa.

Na biyar. Baffanku, ƙanena, ya shafe rayuwarsa yana gaya wa dangi cewa yayansa ba shi da aikin yi sai yawo da kyamara a wuya. Yanzu na ji yana kiran hotunan "tarihin gidanmu", har ya ɗinka sabbin kaya don ranar buɗe baje koli. Ku girmama shi, baffanku ne. Kada a ba shi ko guda. Haka kuma bayan raina kada a faɗaɗa hotona a goge mini tamoji a haska mini fuska. Da wannan fuskar na yi aiki.

Na shida. Gabar da ke tsakanin Babba da Shiru ta ƙare. Na san asalinta, ina wurin. Bayan rasuwar mahaifiyarku Babba ya fitar da kwanukan wanke hoto tsakar gida, ya mayar da ɗakin ma'ajiyar firam ɗin hotunansa, ya ce wa ƙanwarsa zamani ya wuce ta ita da ubanta. Ba banza muke ce mata Shiru ba. Ta haɗa kayanta ta nemi canjin wurin aiki, ba ta sake kwana a gidan nan ba. Babba, kai za ka fara zuwa, kuma ba da bayani za ka je ba. Shiru, idan ya zo ki buɗe ƙofa. Ban ce ki ba shi makulli ba.

Ban rubuta wannan don in faranta muku ba, amma ban cire kowa ba. Ku ukun nan hoto ɗaya ne, har da wanda ya tsaya a gefe yana ɓata tsari. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu tambaya kafin su buɗe ɗaki. Ku riƙe juna, ku riƙa ziyartar juna ba sai an yi rasuwa ba.

Na aika wa Shiru saƙo ta zo ta karɓa. Ba ta amsa mini ba. Auta ya ce ta gaya masa ta nemi hutu a wurin aiki, za ta hau mota ranar Laraba. Daga bakinsa kaɗai na ji, kuma har yanzu ba a sa hannu a takardar hutun ba.