Muryar da Kamfani Ya Ƙi

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, tarin ma ya yi sauƙi, kada ki gaya wa Inna.

Kamfanin waƙa ya sallame ni, wai muryata ba ta sayuwa. Na koma wanke-wanke a gidan abinci, na daina waƙa. Sai kukunmu ya ce, "Ka sa waƙarka a intanet mana, wa zai hana ka?" Na naɗi waƙa ɗaya da wayata, na ɗora. Yaya, mutane suna saurare, har an gayyace ni wasa ranar Asabar. Rabon da in yi barci irin na jiya, har na manta.

Ki kunna wa Inna waƙar, ta sa mini albarka.

Ƙaninki