Daga Cikin Jirgin da Na Guda

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan randata a watan zafi, matata Salamatu.

Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun nan. Jirgin ne gaba ɗayansa ke rawa. Eh, ni Maje, ina sararin samaniya a kan hanyar Alƙahira. Mun shiga gajimare, yana ta gargada kamar bas ɗin Unguwa Uku a titin da ruwa ya cinye. Ya ɗaga mu ya saki. Duk addu'ar da na haddace na karanta ta har na koma farko. Dabarar da ta rage mini ita ce in danne takarda a cinya in yi ta rubuta miki, don in ina kiran sunanki numfashina yana dawowa.

Kin tuna ranar da hadari ya tare mu a soron gidanku na Gyaɗi-Gyaɗi, kafin aurenmu? Aka yi tsawa na zabura har hulata ta faɗi, kika yi ta dariya kina rufe baki da mayafi. Tun ranar kika san matsoraci za ki aura, kika aure shi a haka. Da me na saka miki?

Wata biyu ke nan da ciwon ƙoda ya sa aka fitar da ke zuwa asibiti a Alƙahira. Tare muka isa gindin jirgi. Na taka matakala uku, sai na tuna jirgin Legas da ya taɓa wujijjiga mu a cikin ruwan sama. Na juya. Yayanki Isyaku ne ya kama hannunki kuka hau. Sau ɗaya kika waiwayo, kika shige ciki. Wallahi gara ki zage ni. Tun ranar abinci ba ya mini ɗanɗano, gidan nan ya zama kango, ni kuma na tsani kaina.

Da Isyaku ya bugo ya ce gobe da safe za a yi miki aiki, likitoci kuma ba su yi alkawarin komai ba, sai na tashi. Na bi al'adar matafiya na zaga neman yafiya gida gida: liman, maƙwabta, mai nama na kasuwar Tarauni da muka taɓa sa-in-sa, har sabon ciyaman na farar hula na ƙaramar hukumar da nake wa aiki, wanda ya sa hannu a takardar hutuna. Kowa ya ce ya yafe. Sai da na ɗaura bel ɗin kujerar nan na ga wautata. Na roƙi duk unguwa, alhali mutum ɗaya na zalunta.

Ga jirgin ya sake faɗawa. Wata tsohuwa a bayana tana salati da ƙarfi, ni ma ina yi. Ba mutuwar ce ta fi tsorata ni yanzu ba, hasken raina. Tsorona in sauka lafiya in tarar na makara.

Ki roƙi likitocin kada su tura gadonki ɗakin tiyata sai na iso. In kuma sun tura, ki daure ki farka, ki same ni durƙushe a bakin ƙofa. Ban yarda kowa ya kawo mini saƙon yafiyarki ba, daga bakinki nake son ji.

Naki a sama da ƙasa, har ranar da za a miƙe ni,
Maje.