Gonar Kwari da Alƙalamin Rahinatu

Garin Kimba, Janairu 2023

Zuwa ga jikata Rahinatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Ranar kasuwa Samba direba ya kawo mini labari. Tun bai kashe mota ba yake kira: "Baba Rabo, amaryarka ta zama sakatariya a meri, ofishin magajin gari." Na ce ya sake faɗa. Ya ce ke za ki riƙa rubuta duk abin da aka faɗa in konseye, wato wakilan jama'a, sun yi zama da magajin gari. Na shiga ɗaki na fito, na sake shiga, ban san abin da na je ɗauka ba.

Kin san sai da gemuna ya yi fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina riƙe alli kamar ƙotar hauya. Yau ga jinina, manya na magana tana rubutawa. Da mahaifinki Halidu na raye, da ya riga ni kuka. Allah ya jiƙansa.

Kada ki ce in kira ki a waya. Ba ta kamawa sai an hau tudu, kuma ban sha wahalar koyon rubutu don in ajiye shi ba.

Yayanki Nafi'u na gaishe ki. Ya fara kai taki gonar kwari. Bana ma ita ta ciyar da gidan, ta tudu ba ta ba da abin kirki ba.

Allah ya yi miki albarka.
Angonki tsoho, Rabo

Fabrairu 2023

Zuwa ga Kaka,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Yaya Nafi'u da mutanen gida. Wato har yanzu kana kiran kanka ango, alhali goro ma sai an daka maka? Ni dai na saki wannan aure tun ina lakwal, makarantar boko.

Aikin ba shi da kwalliya, Kaka. In rubuta wanda ya zo, wanda ya yi magana, abin da ya ce, da abin da aka yanke. Ban ƙara gishiri, ban rage. Ana magana da Hausa, wani lokaci da Fulatanci ko Buzanci, ni in mai da shi Faransanci. Rahoton zama ke nan, su suna ce masa PV. A zama na gaba sai a karanta shi a gaban kowa, in babu gyara a sa hannu a buga hatimi. Har yanzu gwaji ake yi mini, ba a tabbatar da ni ba.

Wata mai zuwa akwai zama kan burtalin da ya bi ta gefen ƙauyenku, makiyaya sun ce ya matse. Ƙofa a buɗe take ga kowa. Ka zo ka gan ni a kujerata, amma a wanke maka rigar.

Jikarka, Rahinatu

Garin Kimba, Afrilu 2023

Rahinatu,

Bayan gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun.

Jiya ma'aikatan awon ƙasa sun zo da igiya da jan fenti. Suka shiga gonar kwari, suka auna tun daga bakin burtali har gawon tsakiya, suka wuce. Abin da suka bar mana bai kai a ɗaure jaki ya yi birgima ba. Nafi'u ya tare su. Babbansu ya fito da takarda ya ce mai gona ya bayar da bakinsa, ga shi a rahoton zama. Na tambayi wa ya rubuta, duk da na sani.

Kina wurin zaman, amma bari in faɗa miki yadda abin ya kasance a cikina. Na shigo na gan ki zaune kusa da magajin gari, alƙalami a hannu. Ya ce, "Ku ba kakan sakatariyarmu kujera a gaba." Kaina ya kumbura. Sai Arɗo Hamma ya tashi ya ce shanu na matsuwa a wajen gonata, yana roƙon a buɗa musu. Hamma kuwa shekara da shekaru garkensa ke kwana a gonata bayan girbi, ya bar mini taki, in ba shi hatsi. Mutum irin wannan ya roƙe ka a gaban jama'a, me za ka ce? Na ce, "Ƙasa ta Allah ce. A ɗiba har inda ya ishi dabbobi, ko duka ne na bari."

Kara ce, Rahinatu. Duk wanda ya sha ruwan garin nan ya san kara ce. Dattijo ya ce a ɗauki duka, mai roƙo kuma ya biyo shi gida da goro ya ce, "Haba, gefe kawai muke so," sai a je a taka tare. Haka aka raba kowace iyaka a nan tun zamanin ubana. Hamma ya zo da goronsa, mun taka, mun daidaita a kan gefe. Jiya da ya ga jan fentin sai ya rufe fuska da rawani. Ya ce wa masu awon shi bai nemi haka ba. Suka ce su ba da Arɗo suke aiki ba, da takarda suke aiki, kuma tun da mai gona ya yarda, faɗin da doka ta ce za su auna.

Na ji an ce ba a buga hatimi ba tukuna. Ki gyara layin nan. Ki rubuta gefe. Ban taɓa roƙon ki komai ba.

Kakanki, Rabo

Afrilu 2023

Zuwa ga Kaka,

Ina gaishe ka, ina neman gafararka tun kafin ka karanta. Tun da takardarka ta zo ban ci abincin kirki ba.

Na san kara ce. Ina rubutawa ina sane. Na ɗaga alƙalami ina jiran wani ya ce "gefe ake nufi," in rubuta shi ma. Babu wanda ya ce. Tafi aka yi, magajin gari ya ce a rubuta an amince. Abin da ke zuciyar mutum ba shi da gurbi a takardar nan, Kaka, sai abin da ya fito bakinsa.

Ba zan iya canzawa ba. Kowa ya ji. In na gyara don kai kakana ne, gobe wani zai sa a gyara don shi mai ƙarfi ne, kuma gonar wani talaka za ta tafi. Na je wurin magajin gari na yi masa bayani. Ya ce ya gane, amma an yi saurin tura masu awo ne saboda damina, kuma shi kaɗai ba ya warware abin da zama ya ɗaure.

Hanya ɗaya ta rage. A zaman watan Yuni za a karanta rahoton, a tambaya ko akwai gyara. Magajin gari ya yi alkawarin ba ka magana. Ka tashi ka ce abin da aka rubuta ba shi kake nufi ba. Arɗo Hamma zai goya maka baya. Don Allah ka zo, kada kunya ta sake cin gonar.

Na kira Yaya Nafi'u, da ya ji muryata ya kashe.

Jikarka mai neman afuwa, Rahinatu

Garin Kimba, Yuni 2023

Jikata,

Bayan gaisuwa. Ranar zaman na fita ban tsaya mun gaisa ba, na ga kin biyo ni har bakin ƙofa. Ba fushi ba ne. Ban so ki ga fuskata.

Na zo da niyyar gyara, Allah shaida. A mota ina ta maimaita abin da zan faɗa har Samba ya ce ko wa'azi zan yi. Kin karanta rahoton da Faransanci, kin mai da Hausa. Da kika zo kan maganata muryarki ta karye, amma ba ki tsallake ko kalma ɗaya ba. Na ji kaina a bakinki kamar yanzu nake faɗa.

Ga abin da ba ki ji ba. A bayana konseye Abarci ke zaune. Da magajin gari ya ce, "Akwai wanda ya ga kuskure a rubutun?" na miƙe, sai Abarci ya ce wa na kusa da shi, "To fa. Yarinyar da ta kasa jin kakanta, mu za ta ji?" Ɗayan ya ce, "Gwaji dai ake mata, a mai da ta gida ta yi daka." Suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ba mugunta ba ce, bakin Abarci haka yake tun yana yaro. Amma na duba ɗakin na ga haka kowa zai ɗauka. Ba a tambaya ko tsoho ya yi wauta ba. An tambaya ko mai rubutu ta yi kuskure. Ke kuwa ba ki yi ba.

Hamma na ta kallona yana gyaɗa kai in yi magana. Ke ma kina kallona. Shi ya sa na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ta rubuta shi na faɗa." Na zauna. Ƙarar hatimin har yanzu tana kunnena.

Na san za ki ce da na yi bayani da sun gane. Wataƙila. Ni ban iya maganar zama ba, ta zaure na iya, ita ce kuma ta kai ni nan.

Na gaya wa Nafi'u. Ya ce, "Kaka, takin da na kai fa?" Ya jingine hauyarsa a bango, ba ta motsa ba har yau, ga shi ruwa ya sauka.

Ki ci abinci. Ki riƙe aikinki yadda kika fara.

Kakanki, Rabo

Garin Kimba, Yuli 2023

Rahinatu,

Ina gaishe ki. Samba ya ce an tabbatar da ke a aiki. Alhamdulillahi.

Nafi'u ya tafi arewa wurin haƙar zinariya. Na ce ya biya ta wajenki, ya ce mota ba ta bi ta can.

An kafa turakun siminti. Jiya garken farko ya wuce ta gonar kwari, ina tsaye gindin gawo. Makiyayin baƙo ne, daga kudu ya fito. Muka gaisa, ya ce, "Baba, hanyar nan ta yi daɗi bana. Allah ya saka wa wanda ya bayar."

Na ce amin.

Ki zo gida in kin sami hutu.

Kakanki, Rabo