Soson Ruwan Sanyi

Yayata Sisi Zimkhitha,

Gaisuwa mai yawa. Ya Mama da ƙafarta? Ni lafiya lau nake a Makhanda, sai ɗan jiri.

A wasan zari-ruga muka gwara kai da Pieter, ɗan makarantar masu kuɗi. Shi likita ya ɗauke shi, har da hoton kai. Ni kuwa koci ya matse min jiƙaƙƙen soso a ƙeya, ya ce, "Tashi, Mawande, ba namiji ba ne kai?"

Jiya Pieter ya turo saƙo, wai ya gaji da hutun da likita ya ba shi. Ji fa! Ni allon aji ma biyu-biyu nake ganinsa, ga wasa ran Asabar.

Ki aiko min maganin ciwon kai. Kada Mama ta ji.

Ƙaninki,
Mawande