Yaya Bukar, Layin Ƙarshe na Kiɗan Inna Ya Goge

Zuwa ga yayana Bukar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka da rai da lafiya a duk ƙasar da kake. Ni ce ƙanwarka Falmata, daga Haɗeja. Na rubuto maka a nan inda kowa zai gani, domin babu lambarka ko ɗaya da ke shiga. Damina huɗu ke nan rabonmu da muryarka, tun ranar da ka kira daga Agadas ka ce za ku tsallaka Libiya.

Inna ba lafiya. Bayan ƙaramar salla ta faɗi a bakin murhu tana suyar kifi, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mun kai ta asibiti, mun dawo da ita gida. Abinci sai an yi da gaske take karɓa. Abu ɗaya ne ke fita daga maƙogwaronta, wani ɗan amo da take ta maimaitawa. Sai da na kwana uku ina saurare kafin na gane kiɗan nan ne da ka haɗa mata.

Ka tuna? Za ka dawo daga fadamar shinkafa, ƙafa duk taɓo, ka kife turmi ka zauna da jitarka. Ita kuma ta ce, "Bukar, ajiye katakon nan, tuwo zai huce." Tana faɗa, ƙafarta tana bin kiɗan.

Na sauko da jitar daga saman sif. Tsirkiyoyin sun yi tsatsa, maigidana ya sayo sababbi daga Kano, bai tambaye ni komai ba. A akwatinka na sami littafin nan mai bangon shuɗi, cike da layuka shida-shida da lambobi a kansu. A saman wani shafi ka rubuta "Na Inna".

Ni da ban taɓa riƙe jita ba, Yaya. A waya na yi ta nema har na ji ana ce wa rubutun tab. Layuka shidan su ne tsirkiyoyi shida. Lamba tana nuna gidan da za a danne a wuyan jitar, sifiri kuma a kaɗa kawai ba dannewa. Da bayani kamar da sauƙi. Mako biyu na yi ina karanta shi a juye: na ɗauka layin sama shi ne tsirkiyar sama mai kauri, ashe siririyar nan ce ta ƙasa. Na je na kaɗa wa Inna abin da na koya, ta saurara kaɗan, ta juya fuskarta bango. Na zaga bayan ɗaki na yi kuka na ƙoshi, na dawo na fara daga farko.

Yatsuna sun fashe, sun warke, yanzu sun yi kanta. Matan unguwa suna cewa Falmata ta zama makaɗiya da girmanta. Su faɗa.

Da na gyara karatun, sai wata matsalar. Ka rubuta inda za a sa yatsa, amma ba ka rubuta inda ake jinkirtawa da inda ake sauri ba. Kai a kanka yake. Lambobin daidai, kiɗan ba naka ba. Inna ce ta fitar da ni. Wata rana bayan la'asar ina fama, sai na ga hannunta na hagu yana dukan gefen katifa. Na bi hannun. In na yi gaggawa ta tsaya, in na dawo hanya ta ci gaba. Ranar da na kaɗa layi biyar na kiɗan, kowane layi da tsirkiyoyinsa shida, ba tuntuɓe, ta sha rabin kofin kunu da kanta.

Amma kiɗan layi shida ne, Yaya.

Ambaliyar bara ta shiga ɗakinka, ruwa ya taɓa ƙasan littafin. A layin ƙarshe ina ganin uku, ina ganin sifiri, sai wata lamba da ban san ko biyar ce ko takwas ba. Sauran duk tawada ta narke. Na ɗaga takardar a rana, na ɗauke ta hoto na buɗa, babu. Amon Inna ma daidai nan yake yankewa, numfashinta ba ya kai wa. In na iso wurin sai ta ɗaga hannu ta riƙe shi a sama tana jira, idonta a kan ƙofa.

Na taɓa ƙirƙiro nawa ƙarshen, na ce ko ba za ta lura ba. Ta rufe ido. Ranar ko ruwa ba ta karɓa daga hannuna ba.

Jikinta kullum raguwa yake. Ba na so in rubuta abin da nake gani.

Ba zan tambaye ka dalilin shirunka ba. In kunyar dawowa hannu rabbana ce ta riƙe ka, wallahi babu mai jiran tsaraba a gidan nan. Ko ba za ka iya zuwa ba, ko ba ka so a san inda kake, ari wayar wani ka turo mini lambobin. Ba su fi goma ba. Ko ka rera shi da baki ka turo, zan nemo su da kaina. Wataƙila wanda ya san ka ne zai karanta maka wannan. Kada ka yi fushi da shi, ni na roƙa.

In kuma ka riga mu gidan gaskiya a can cikin sahara, Allah Ya kawo wanda zai gaya mana, in san abin da zan ce wa hannun nan da ke jira.

Allah Ya tsare ka inda kake, Ya karkato da zuciyarka gida. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya ara mata kwana har ta ji ƙarshen kiɗanta. Amin.

Taka ƙanwa, mai jiran saƙonka,
Falmata