"Orait" Ba Tambaya Ba Ce

Yaya Sahura,

Gaisuwa mai yawa daga Hull, nan Ingila. Ya yara? Ya ƙafar Inna? Ki duba min ita.

Mu lafiya lau, aikin kula da tsofaffi muna ta fama. Kin ce in koya miki Turancin mutanen nan, to ga guda ɗaya: "Orait?" Wai "lafiya?" ke nan, amma ba amsa suke jira ba. Ke ma "Orait" za ki ce, kowa ya kama gabansa.

Watan jiya na yi ɓari. Ina dawowa daga asibiti maƙwabciyata Doreen ta ɗago min hannu, "Orait, 'yar nan? Kin ga ruwan nan, ko gajiya ba ya yi!" Na buɗe baki zan faɗa mata, har ta juya tana kiran karenta. Na ce, "Orait." Mutuniyar kirki ce wallahi, haka gaisuwarsu take.

Na warware, Alhamdulillahi. Kada Inna ta ji tukuna.

Roƙona ɗaya, Yaya. In kin kira na ce miki lafiya lau, kada ki wuce. Ki sake tambayata.

Ƙanwarki,
Tasalla